Bindigar Iccen Kawu

Ranar sadakar uku ta Kawu tabarmin gidan ba su ishe mu ba, sai da aka aro na masallacin unguwa. Yawancin waɗanda suka cika ƙofar gida tsofaffin sojoji ne da jandarmomi da ƴan sanda, wasu na dogara sanda, wasu ana riƙe da hannunsu. An zo daga Barmu, an zo daga Afala. Akwai wanda ya taso tun daga Tebaram a bayan motar kaya, ya sauka ƙafafunsa sun kumbura, ya ce ko da rarrafe ne sai ya zo.

Ana shafa fatiha suka kama gardama. Ina zaure ina miƙa ruwa, ina jin su. Wani ya rantse da idonsa ya ga an jefa goro sama, Kawu ya huda shi kafin ya faɗo. Wani ya ce ba goro ba ne, dabino ne. Sai wani tsoho mai ido ɗaya ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku ji tsoron Allah," in ji shi. "Ajidan bai taɓa harbi don a yi mishi tahi ba. Duk wanda ya ce ya ga haka, mahwalki ya yi."

A cikin gida mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune kusa da matarsa da muke kira Inna. Ta saurari hayaniyar, ta share ido da bakin mayafi.

"Ji su," ta ce, "sai ka ce yayana bindiga ne. Mutumin da ko ragon layya sai ya kira maƙwabci ya yanka mishi."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Tsofaffin nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma na ga in aka yi shiru, nan da ƴan shekaru labarin goro kaɗai zai saura. Ni kuwa na san mutumin, a tsakar gidansa na koyi sana'ata.

Kawu ya yi aikin soja tun yana saurayi, ya fita da girman ajidan. Mafi yawan shekarunsa malamin harbi ne, shi ke koya wa sababbin shiga riƙon ƙaramar bindiga, wadda a bariki ake ce wa pistole. Gajere ne, siriri, muryarsa ba ta wuce tabarmar da yake zaune a kai. Ban taɓa ganin ya nuna mutum da yatsa ba. Da haɓa yake nuni, ko da buɗaɗɗen tafi. In ya riƙe kofin shayi, manuniyar yatsarsa tana miƙe a gefen kofin, ba ta lanƙwasa. Haka take a jikin sandarsa, haka take a jikin buta. Muna yara mun ɗauka ciwo ne. Sai da na girma na gane yatsa ce da aka hore ta kada ta kusanci kunamar bindiga sai an yi niyya, har ta manta da wani zama daban.

Na shiga aikin ƴan sanda a shekarun da aka buɗe jam'iyyu, lokacin da lakwal, wato makaranta, ke wata a buɗe wata a rufe saboda yajin aiki, kuma mai takarda ba shi da inda zai kai ta. Mu mata ba mu da yawa. Ran da aka fara kai mu filin harbi a bayan garin Tawa, kowa harsashi biyar aka ba shi, aka ce mu yi tattali, don sauran duk an tura arewa inda ake fama da tawaye. Da layi ya zo kaina na ɗaga bindiga, na runtse ido, na ja. Harsashin ya tone ƙasa taki uku a gabana. Maza suka fashe da dariya. Wani ya ce in koma gida in daka fura, a can ne hannuna zai yi amfani.

Na dawo na gaya wa mahaifiyata na bar aikin. Ba ta ko ɗaga kai daga tsintar wake ba.

"Tahi wurin kawunki," ta ce. "In shi ya ce ki bari, ki bari."

Kawu ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma. Bindiga ce ta iccen aduwa, shi ya sassaƙa ta da hannunsa. Maƙeri ya zuba mata ƙarfe a ciki har nauyinta ya yi daidai da na gaske, aka yi mata kunama da wayar keke. Ya juya bakinta ƙasa kafin ya miƙo mini.

"Karɓi, ɗiyata. Akwai harsashi ciki."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Wata huɗu ina zuwa gidansa bayan la'asar, ban ji ƙarar harbi ko ɗaya ba. Zai ɗora ƙwayar gujiya a bisa bindigar, ya ce in miƙe hannu in ja kunama ba tare da ta faɗi ba. In ta faɗi, kajin Inna su tsince, a sa wata. Inna ta ce kajinta ba su taɓa ƙiba irin ta wannan shekara ba. Ya koya mini tsayuwa, da inda zan ajiye numfashi, da yadda ake zaro bindiga daga kube ba tare da bakinta ya bi ta kan ƙafata ba. Da hannuna ya fara zama, sai ya mai da tsakar gida fili: in ɓuya bayan rumbu, in ruga zuwa turmi, in durƙusa a gefen randa. Ya kakkafa kwalaye a jikin bango, wasu ya shafa musu jar ƙasa, wasu ya bar su farare. Jajayen abokan gaba ne. Fararen kuwa mutanen da ba ruwansu.

Kafin kowace ja, tambaya ɗaya yake yi mini.

"Mi ke bayanshi?"

"Bango, Kawu."

"Bayan bangon hwa?"

"Gidan maƙwabci."

"Wa ke ciki?"

"Matarshi da jikokinta."

"To sake wuri."

Sai in zagaya har in sami inda babu kowa a bayan kwalin sai tudun shara, sannan ya ɗaga mini haɓa. Wani lokaci tambayar takan ishe ni har in ji kamar in jefar da iccen. Harsashi ba ya tsayawa don ya sami abin da aka aike shi, haka yake cewa, wucewa yake yi, kuma duk inda ya sauka da sunanki ya sauka.

Sau ɗaya muka ɓata, kuma laifina ne. Babban ɗansa, taubashina, direba ne, mutum mai iyali, amma tsakaninmu ba a rasa tsokana. Ya shigo ya tarar ina durƙushe bayan turmi, ya ce ga sojar kaji. Na juyo ina dariya na auna shi da bindigar, na ce ya ɗaga hannu. Ya ɗaga, muna ta ƙyalƙyala.

Ban ga tasowar Kawu ba. Sai dai na ji hannu ya danne nawa ƙasa, an zare bindigar. Fuskarsa ta yi wani irin fari da ban taɓa gani ba.

"Icce ne hwa, Kawu," na ce.

"A hannunki babu icce. Tashi ki tahi gida."

Wata guda cur bai sake fito da ita ba. In na gaishe shi zai amsa, lahiya lau, ya ci gaba da jan tazbaharsa. Na yi fushi ni ma, na ce wa mahaifiyata tsufa ne ya fara taɓa shi. Inna ce ta gaji ta shiga tsakani. Ina bakin ƙofa na ji tana cewa yarinya ta yi kuskure, ya isa haka nan, ya huce.

"Ni ban yi hushi ba," ya ce mata. "Tsoro ta ba ni."

Da ya yarda in dawo, sharaɗi ɗaya ya sa. Ya tara mutanen gida, ya ce in nemi gafarar taubashina a gabansu. Taubashina ya so ya mai da abin wasa, ya dubi fuskar mahaifinsa, dariyar ta maƙale masa. Ya ce ya yafe, murya ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar ban sake juya bakin bindiga wajen abin da ban yi niyya ba, ko da na tabbata babu komai a cikinta.

Bayan damina aka sanar za a yi gasar harbi tsakanin masu kaki na Tawa, soja da jandarma da ƴan sanda da duwan, wato ma'aikatan kwastan. Ba irin ta tsayawa wuri ɗaya ba ce. Za a busa usur, mutum ya zaro bindiga, ya bi fili da gudu yana ɓuya bayan tano-tano, wato manyan gangunan ƙarfe, ya sa wa kowane jan kwali harsashi biyu, ya canja gidan harsashi a tsakiya, ana auna masa lokaci. Wanda ya taɓa farin kwali an rage masa maki mai yawa. Wato abin da nake yi tsakanin rumbu da turmi ne, sai dai da wuta. Na ba da sunana. Da takarda ta fito, babu ni.

Ban gaya wa Kawu ba, amma ya ji. Abin da ya yi, daga bakin kumandan ɗin da ke shirya gasar na ji shi, shekaru bayan haka. Ya ce da hantsi ya leƙo ya ga tsoho a kan benci, da farar riga, ya liƙa lambobinsa na soja a ƙirji. A ƙasa ya tako daga unguwarmu. Bai aika a ce ya zo ba, ya zauna a layi kamar kowa har azahar. Kumandan kuwa ɗalibinsa ne a da. Da ya gane shi ya fito da sauri yana ba da haƙuri.

"Tambaya ɗaya ta kawo ni," in ji Kawu. "Doka ta hana mace shiga?"

"Ba ta hana ba, ajidan. Ba a dai saba ba."

"To a saba."

Ya miƙe, ya ƙi a kai shi gida a mota. Da aka sake fitar da takarda, sunana na ciki.

Ranar gasar filin ya cika. Yana gindin wani dogon tudu ne, an jera kwalayen a gabansa don tudun ya tare harsashi, an sa masu gadi a hanyoyin da ke bi ta baya. Kawu na zaune a kujera kusa da manya. Da aka kira ni na fito na tsaya a bakin layi. Aka busa usur. Ƙarar farko ta firgita ni, amma idona bai rufe ba, kuma daga nan jikina ya yi abin da ya saba. Na zo ta bakwai. Maza da yawa sun fi ni gudu, amma ina cikin ƴan kaɗan da ba su taɓa farin kwali ba. Wanda ya aike ni dakan fura yana bayana a jeri. Na je wurin Kawu ina haki, ina jiran yabo.

"A kwali na huɗu kin hizgi kunama," ya ce. Sai kuma ya miƙo mini butar ruwansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

An gama raba kyauta sai tsofaffin ɗalibansa suka fara kiran sunan girmansa, ajidan, ajidan, ya fito ya gwada. Ya girgiza kai. Kumandan ya sunkuya ya ce masa ba don tafi ba, don yaran nan su ga yadda ake yi, yawancinsu labari kawai suke ji. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tashi.

A lokacin ya haura saba'in, kuma hannunsa ya fara rawa, har in ya ɗauki shayi sai ya zuba a riga. Na ji wani matashin soja a bayana yana cewa kada a kunyata tsoho. Aka ɗaura masa ɗamara a kan rigarsa. Ya karɓi bindigar, ya juya wajen tudu, ya buɗe ta ya duba da kansa ko da yake an ce masa an duba. Ina kallon hannun. Yana rufe yatsunsa a kan bindigar rawar ta tsaya cak, kamar an ɗauke ta da hannu.

Bai yi gudu ba. Tafiya ya yi irin ta mai zuwa masallaci. Amma bai tsaya ko sau ɗaya ba, kuma harbinsa biyu-biyu suna fita a manne har kunne ya ɗauka ɗaya ne. Ya canja gidan harsashi yana cikin taku, bai ko kalli hannunsa ba. Filin ya yi tsit. Ya kai kwali na ƙarshe, ya ɗaga bindiga, muna jiran ƙara. Ba ta zo ba. Ya tsaya haka kamar ƙiftawa uku, sai ya sauke hannu, ya zare gidan harsashi, ya fitar da na ciki, ya ɗaga tafinsa sama.

Aka fara gunaguni. Wasu suka ce bindiga ta cije, wasu suka ce numfashi ya ƙare masa. Mai auna lokaci ya matso yana tambaya. Kawu ya nuna saman tudun da haɓa.

Ba mu ga komai ba. Sai can wata mata ta ɓullo a kan tudun, daidai saitin kwalin, da dammin kara a kanta, tana tafiyarta hankali kwance. Ta biyo wata ƴar hanyar awaki da ba a sa wa mai gadi ba, kuma daga baya aka gane kurma ce. Mutum fiye da ɗari ke filin nan, yawancinsu ba su kai rabin shekarunsa ba, babu wanda ya hango ta. Shi ya ga bakin karan yana motsi a bayan tudu tun kafin kanta ya fito.

Aka je duba kwalayen. Kowanne huda biyu a tsakiya, kusa da juna har babban yatsa zai rufe su. Na ƙarshen kaɗai ne lafiyayye. Babu wanda ya yi tafi. Kumandan ya ƙame ya sara masa, sai duk masu kaki suka miƙe suka yi haka, ni ma a ciki, hawaye na zubo mini. Kawu ya kwance ɗamarar ya miƙa, hannunsa ya koma rawarsa, ya tambaya ko akwai mai rakiyar matar ta sauka lafiya.

Bayan wannan ya yi ƴan shekaru. Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ran wata Talata da hantsi na je duba shi, ya sa Inna ta ba mu wuri. Ya ce in matso.

"Akwai abin da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba cikin gidan ga," ya ce. "Ina yaro cikin soja anka kai mu gadin wata rijiya arewa da Barmu. Dila ya gitta. Na so in gwada ma abokaina hannuna. Ban dubi bayanshi ba."

Harsashin ya wuce dilan, ya ratsa wani kurmin sabara, ya karya cinyar wani makiyayi da ke hutawa a inuwa. Mutumin bai mutu ba, amma ƙafar ba ta sake miƙewa ba. Kawu ya faɗa mini sunan mutumin da sunan zangon da yake zaune.

"In yana da rai, ki roƙa mini gahwara. Ƙahwata ba ta kai ni yanzu."

Na ce zan nemi izini a wurin aiki in tafi ran Lahadi. Ran Alhamis ya cika.

Sai bayan addu'ar arba'in na samu na tafi. Motar kasuwa ta sauke ni a Barmu, na hau amalanke zuwa zangon. Na tarar da shi a gindin wata aduwa, tsoho dogo, rawani ya rufe masa baki, ƙafa ɗaya a miƙe kamar icce. Ya ga kakina bai razana ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya ɗora shayi, sai da na sha kofin farko ya bari na yi magana. Na ce ni ɗiyar ƙanwar sojan nan ce, na zo da saƙo.

Ya yi dariya har kafaɗunsa na girgiza.

"Har yanzu? Mutumin ga ba ya gajiya. Ina kwance da karan ɗori ya zo, na ce na yahe. Da ya yi aure ya zo, na ce na yahe. Shekarar yunwa ya zo da hatsi bisa raƙumi, na ce na yahe. Zuwan ƙarshe na ce mishi in ya sake yi mini maganar ƙahwa ba ni ba shi shayi. Koma ki ce mishi ya zo da kanshi mu yi hira."

Na ce masa Kawu ya rasu.

Ya ajiye butar shayin a hankali. Ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido. Sai ya yi tambaya: ina aka rufe shi? Na ce a Tawa. Ya kira ƴaƴansa ya ce a kawo masa sandarsa da takalmi. Suka ce tafiyar ta yi masa nisa, bai ko kalle su ba.

Tare muka dawo, yana zaune a kan buhunan bayan mota, ƙafar a miƙe, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Washegari da safe taubashina ya kama hannunsa ya shiga da shi maƙabarta, ni na tsaya a waje bakin katanga. Ina hango su suna tafiya a hankali tsakanin kaburbura, har suka tsaya. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya sauke rawanin daga bakinsa, abin da irinsu ba sa yi a gaban mutane, ya ɗaga murya har ta iso inda nake.

"Ajidan! Ni ne. Na yahe, duniya da lahira. Wanga karo ka ji."

Ya Allah, bawanka ya zo maka yana tsoron haƙƙin mutum guda, kuma mai haƙƙin ya yafe. Ka yafe masa sauran, ka yalwata masa makwanci, ka sa mu cika da irin tsoron da ya cika da shi.